Nazari Kan Sake Fentin Wani Sabon Jirgin Kamun Kifi Na Alminiyam A Kano

A ƙarshen watan Janairu, sa'ad da hunturu ke kan ganiyarsa, aka sauke wani jirgin kamun kifi na alminiyam daga bayan tirela a farfajiyar wurin aikinmu da ke yankin Sharada a birnin Kano. Jirgin bai cika wata huɗu da ƙerawa ba, bai kuma wuce mako tara yana aiki a kan ruwa ba, amma wanda ya hange shi daga nesa zai rantse ya shekara biyar yana shan wahala, domin fentin gindinsa ya saluɓe falle-falle, wani wurin kuma ya kumbura ya yi ƙuraje. Ni aka ɗora wa alhakin duba shi da kula da gyaransa, kasancewar na daɗe ina aikin walda da ƙirar kayan alminiyam, wato ƙarfen da wasu ke kira sanholo ko goran ruwa.

Mai jirgin wani Alhaji ne, dillalin kifi, wanda ke da masunta da suke yi masa aiki a madatsar ruwa ta Tiga. An kammala wannan madatsa a 1974 a zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, tana kudu da birnin Kano da tazarar kimanin kilomita 70, kuma daga cikinta ake samun wani kaso na karfasa da tarwaɗar da ake ci a birni. Alhaji ya gaji da kwalekwalen katako da ke ruɓewa yana shan ruwa, sai ya sa aka ƙero masa na alminiyam daga Kudu: tsawonsa mita 6, kaurin fallen gindinsa milimita 3, kuma takardar da ta biyo shi ta nuna an yi shi da nau'in alminiyam mai lamba 5052, wanda ake gauraya shi da ɗan maganiziyam, kimanin kashi biyu da rabi cikin ɗari, domin ya jure ruwa. Zaɓi ne mai kyau. Nauyin alminiyam bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin baƙin ƙarfe ba, don haka mutum huɗu kan iya jan jirgin zuwa tudu, ƙaramin inji kuma ya ishe shi.

Jirgin ya iso Kano babu fenti, fari fat yana walƙiya. Masuntan ne suka fara kuka da shi. Sun ce ƙyallinsa na kashe musu ido da rana, ƙasansa na ƙona musu tafin ƙafa, wasu kuma suka ce walƙiyar na korar kifi daga taru, zancen da ni ban gaskata ba amma ban ga amfanin yin gardama a kansa da mutanen da suka tashi a bakin ruwa ba. Shi kuma Alhaji yana son a rubuta sunansa a gefen jirgin. Haka aka yanke shawarar yin fenti.

Yadda aka yi fentin farko

An kai jirgin wani gareji a cikin birni, wurin wani mai fentin mota da ya san aikinsa, kuma ina faɗin haka ne da gaske, domin na ga motocin da suka fito daga hannunsa. Ya bayyana mini abin da ya yi daki-daki ba tare da ɓoye komai ba. Ya goge jikin jirgin da tsumma da fetur, ya ɗaura buroshin waya a injin gurza ya bi layukan walda da shi, ya cike ƴan ramukan da ke gefen waldar da filar mota don su yi sumul, sannan ya bar jirgin ya kwana biyu saboda wani aiki da ya taso. Bayan nan ya fesa jan fentin shimfiɗa, irin wanda ake sa wa ƙofofin ƙarfe don hana tsatsa, ya bi shi da fentin mai shuɗi mai duhu har sau biyu. Kwana uku da gamawa aka jefa jirgin cikin ruwa.

Duk wanda ya saba da baƙin ƙarfe ba zai ga wani babban kuskure a wannan jerin ba. A nan ne lamarin yake. Kowane mataki da ya ɗauka mataki ne da ya dace da ƙofar gida ko bodin mota, kuma kusan kowannensu ya saɓa wa ɗabi'ar alminiyam.

Abin da binciken ya nuna

Da muka kifa jirgin a kan katako muka wanke shi, sai ya bayyana cewa ɓarnar ba iri ɗaya ba ce. Mafi yawanta saluɓewa ce: idan aka sa farce a gefen fentin aka ja, sai ya taso kamar ɓawon dafaffen ƙwai, jan da shuɗin a manne da juna, ƙarfen da ke ƙasa kuma yana nan da sheƙinsa kamar ba a taɓa sa masa komai ba. Bayan fallen fentin da aka ɓare sumul yake kamar madubi. Wannan ya nuna cewa fentin bai taɓa kama jirgin ba tun ranar farko, lulluɓe shi kawai ya yi. Don tabbatarwa, na ɗauki reza na tsaga layuka shida a tsaye da shida a kwance a wani wuri da fentin ke da alamar lafiya, na manna salatif mai ƙarfi a kai na fizge. Kusan duk ƙananan murabba'an sun biyo salatif ɗin. Wannan gwaji sananne ne a wurin masu duba ingancin fenti, kuma ba ya bukatar wata na'ura.

Dalilin wannan rashin kamawa yana cikin halittar ƙarfen kansa. Da zarar iska ta taɓa tsirarar alminiyam, iskar oksijin na haɗuwa da shi nan take ta samar da wani ɓawo siriri ƙwarai, wanda ido ba ya gani, kuma kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubban kaurin silin gashi ba. Tsatsar baƙin ƙarfe tana da burtsi, tana farfashewa tana barin ruwa ya ƙara shiga, har ta cinye ƙarfen. Ɓawon alminiyam kuwa a manne yake, mai tauri da santsi, yana rufe ƙarfen ya tsayar da cin. Shi ya sa tukunyar alminiyam ke shekaru a tsakar gida ba ta huje ba. Amma wannan ɓawon da ke kare ƙarfen daga ruwa, shi ne kuma ke hana fenti samun wurin riƙewa. Ƙari a kan haka, sabon falle yakan fito daga masana'anta da ɗan maiƙo a jikinsa. Fetur ba ya kawar da maiƙo sarai, narkar da shi yake yi ya shimfiɗa shi ko'ina, idan ya bushe kuma ya bar nasa. Na zuba ruwa a inda muka ɓare fentin, sai ruwan ya dunƙule ya zama ɗigo-ɗigo yana gangarewa maimakon ya bazu ya kwanta, alamar har yanzu maiƙon na nan.

Ɓarna ta biyu tana bin layukan walda ne. A nan fentin ya yi ƙuraje, idan aka fasa sai a ga farin gari a ciki, a ƙarƙashinsa kuma ƙananan ramuka kamar na tsinin allura. A tsakanin farin garin akwai ɗigon jar tsatsa. Alminiyam ba ya jar tsatsa, don haka dole baƙin ƙarfe ya shigo daga wani wuri, kuma ba a daɗe ana nema ba aka gane buroshin wayar nan ne. Wayoyinsa na baƙin ƙarfe ne, an kuma sha gurza motoci da shi, sai ya dasa ɓurɓushin ƙarfe a cikin alminiyam wanda ya fi shi taushi. Idan ƙarfe iri biyu suka haɗu a cikin danshi, sukan zama kamar ƙaramin batir, ɗayan yana narkewa a hankali yana kare ɗayan, kuma tsakanin alminiyam da baƙin ƙarfe ko tagulla, alminiyam ne ke narkewa. Filar motar ita ma ta taimaka wa ɓarnar, domin tana tsotsar ruwa tana riƙe shi a jikin ƙarfen dare da rana.

Ta uku tana bayan jirgin, inda ake rataye inji. An ƙara wani katako a wurin bayan isowar jirgin Kano, an ɗaure shi da kusoshin baƙin ƙarfe da wasu zobba na tagulla, kuma kewayen kowane rami ya yi fari ya fara cinyewa. Mai haɗa wutar fitilar dare shi ma ya yi abin da ya saba yi a mota, ya ɗaure wayar batir ɗaya a jikin jirgin don wutar ta riƙa komawa ta nan. A mota hakan daidai ne. A jirgin alminiyam da ke zaune cikin ruwa kuwa, hanya ce ta ƙara saurin cin ƙarfen. Akwai kuma wani ɗan dunƙulen ƙarfe da maƙera suka liƙa a ƙasan bayan jirgin, wanda aikinsa shi ne ya narke a madadin jirgin, an shafe shi da fenti tas, don haka bai yi aikin komai ba. Abin da ya cece mu shi ne ruwan Tiga ba na gishiri ba ne. Da a ruwan Legas ne aka yi wannan haɗi, da cin ya yi nisa fiye da haka a cikin waɗannan makonni.

Launin ma yana da nasa hannu. Alminiyam na miƙewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Idan jikin jirgi mai mita 6 ya tashi daga sanyin asuba zuwa zafin tsakar rana da bambancin digiri 40, abin da launi mai duhu ke sauƙaƙawa, tsawonsa na ƙaruwa da sama da milimita 5, da dare kuma ya koma. Fentin da ya kama da kyau yakan bi ƙarfen a wannan kai da komo, wanda bai kama ba kuwa kullum sai ya ƙara sakin jiki. Shi kansa fentin mai na gida ba a yi shi don zama a cikin ruwa ba, balle a jefa shi bayan kwana uku, alhali bai gama ƙanƙamewa ba.

Ranar da na gabatar da wannan bayani, Alhaji da mai fentin suna zaune. Alhaji ya riga ya yanke hukuncinsa tun daga gida. Ya ce, "Malam, ni dai abin da na sani, jabun fenti aka sa mini." Mai fentin ya amsa da cewa, "Ranka ya daɗe, wallahi da wannan gwangwanin na fesa ƙafafun da aka ɗora jirgin a kai, a je a duba." Aka aika aka ɗauko ɗaya daga cikin ƙafafun, na baƙin ƙarfe, na yi masa gwajin reza da salatif a gabansu, ko ƙwaya ɗaya ba ta ɗago ba. Wannan ya kashe maganar jabu. Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya nemi a bar mutumin ya yi aikin gyaran a ƙarƙashin kulawata, abin da na ga ya dace, domin hannunsa na da kyau, ilimin wannan ƙarfen ne kawai bai samu ba.

Shawarar da aka yanke

Na faɗa wa Alhaji gaskiya cewa mafi sauƙi da arha shi ne a kankare fentin gaba ɗaya a bar gindin jirgin haka nan. Alminiyam irin wannan ba ya bukatar fenti a ruwan daɗi, zai dushe ya koma launin toka, ƙyallin da ake kuka da shi ma zai ragu da kansa, kuma fentin da aka yi ba daidai ba ya fi rashin fenti illa, tunda yana ɓoye danshi a inda iska ba ta kaiwa balle ɓawon kariyar ya sake tsirowa. Har yanzu ina ganin wannan ita ce shawarar da ta fi ƙarfi ga mai ƙaramin jari. Alhaji bai karɓa ba, kuma yana da hujja: ramukan da suka riga suka fara a layin walda suna bukatar a rufe su, masuntan kuma ba za su jira shekara kafin ƙarfen ya dushe ba. Batun yin faci a wuraren da suka saluɓe kawai ban bari an tsaya a kansa ba, domin gwajin salatif ya nuna babu inda fentin ya kama.

Kafin a fara aiki sai ga wani ƙanen Alhaji da gwangwanin fenti da ya sayo daga Legas da tsada, an gaya masa shi ne ainihin fentin jiragen ruwa. Gaskiya aka gaya masa, amma na jiragen katako da na roba ne. Rubutun jikin gwangwanin ya nuna fenti ne mai hana tsiro da ƙwarin teku manne wa jirgi, kuma sinadarin da ke yin wannan aiki na tagulla ne. Shafa shi a kan alminiyam daidai yake da lulluɓe jirgin da irin zobban nan da suka cinye bayansa. A Tiga kuma babu ƙwarin teku, iyakaci gansakuka da ake gogewa da soso. An mayar da gwangwanin ba a buɗe ba.

Abin da aka tsayar shi ne fentin efoksi mai haɗi biyu, wato wanda ake gauraya shi da ruwan ƙanƙamewarsa kafin a shafa, a matsayin shimfiɗa a duk jikin jirgin, a ninka shi sau uku a gindin da ke cikin ruwa, sannan a rufe sashen da rana ke duka da fentin foliyuritan, shi ma mai haɗi biyu, domin efoksi na jure ruwa ƙwarai amma rana na sa shi ya yi gari-gari. Launin da aka zaɓa toka-toka ne mai haske. Mun samu samfefa, rola, buroshi da tsummoki a kasuwar Ƙofar Ruwa, efoksin kuwa sai da aka yi odarsa aka jira kwana tara.

Aikin

Kankare tsohon fenti ya zo da nasa gardama. Wani daga cikin yaran ya kawo shawarar a jiƙa shi da sodar da ake yin sabulu da ita, kamar yadda ake yi wa ƙarfe. Soda na cin alminiyam kai tsaye, na nuna musu da wani guntun falle a cikin roba, suka ga yadda yake tafasa yana baƙi. Wani ya ce a bi shi da wutar gas. Alminiyam na narkewa a digiri 660, kuma ba ya yin ja kafin ya narke balle ya gargaɗi mai aiki, falle mai milimita 3 kuma tun kafin nan zai lanƙwashe ya rasa ƙarfinsa. Feshin yashin kogi ma mun ƙi shi, saboda yana iya lanƙwasa siririn falle, ƙurarsa kuma na lalata huhu. Abin da ya rage shi ne mai wuya: makankarin roba da na katako, da injin goge mai samfefa. Rashin kamawar fentin a nan ya zame mana alheri, domin fiye da rabinsa da hannu aka ɓare. Filar mota an tone ta duka. Layukan walda an bi su da sabon buroshi na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda aka keɓe shi ga wannan aiki kaɗai, har sai da jan ɗigo ya ɓace. Ramuka uku ne suka yi zurfin da ya sa na cike su da walda, sauran na sama-sama ne.

Daga nan aka shiga matakin da a ganina shi ne dukan aikin. An fara da wanke maiƙo kafin gurzawa, ba bayanta ba, domin samfefa na tura maiƙo cikin ƙarfe idan ta same shi a kai. An wanke jirgin da ruwan sabulu mara soda, aka ɗauraye sosai, sannan aka bi shi da tina mai tsabta, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, da tsumma biyu, ɗaya jiƙaƙƙe yana narkar da maiƙon, ɗaya busasshe yana kwashe shi kafin ya bushe, ana canza su akai-akai. Ba a wuce wuri sai an zuba ruwa an ga ya kwanta shimfiɗe bai dunƙule ba. Sai gurza da samfefa mai lamba 80, har ƙarfen ya daina sheƙi ya yi kaushi ko'ina, saboda wannan kaushin ne haƙoran da fenti zai riƙe.

Tunda ɓawon alminiyam na fara dawowa tun daga lokacin da aka ɗauke samfefa, yana kuma ƙara kauri da wucewar sa'o'i, ƙa'idar da na kafa ita ce duk inda aka gurza da safe sai ya sha shimfiɗar farko kafin azahar. Mutum uku ba za su iya gurza jirgi mai mita 6 su shafe shi a wannan tazara ba, don haka aka raba shi gida huɗu, kowace rana gida ɗaya. Hunturu ya taimaka ta wani gefen, domin iska a bushe take babu raɓa, amma ƙura ta zama abokiyar gaba. Mun kewaye wurin da tamfol, muna yayyafa ruwa a ƙasa kowace safiya, kuma ba a fara shafa fenti sai hantsi ya ɗaga ƙarfen ya rabu da sanyin dare, saboda efoksi ba ya ƙanƙamewa da kyau a cikin sanyi.

A rana ta uku, wadda ta kama Juma'a, wuta ta ɗauke ana tsakiyar gurza, janareta kuma ya ƙi tashi, kafin a gyara shi lokacin masallaci ya yi, bayan an sauko kuma iska ta taso da ƙura. Sashen ya kwana a gurje babu fenti. Da safe mai fentin ya shafa hannu a kai ya ce, "Maigida, ai ga shi nan fes, babu abin da ya same shi." Na ce masa, "Malam, kwana biyun da ka ba shi a garejinka ma haka ya yi maka kama da fes." Ya yi dariya, aka sake goge wurin da tina, musamman inda ya taɓa da hannu, aka sake bin sa da samfefa. Rabin yini ya tafi a kan haka, kuma ban yi nadamarsa ba.

Akwai masu fara sa wani siririn fenti mai ɗan asid, wanda ke cizon ƙarfen kafin a ɗora efoksi. Hanya ce sananniya, amma tana son a fesa shi siriri ƙwarai har ana hango ƙarfen ta cikinsa, idan ya yi kauri shi ne zai zama raunin aikin. Takardar bayanin efoksin da muka saya ta yarda a shafa shi kai tsaye a kan gurzajjen alminiyam, sai muka bi ta. Haɗa shi ya bukaci sa ido. Al'adar masu fenti ce su ƙara ruwan ƙanƙamewa don fenti ya bushe da wuri, amma efoksi ba bushewa yake yi kamar fentin mai ba, haɗuwa ce tsakanin sinadarai biyu da ke bukatar awo daidai, abin da ya yi rara kuma yana zama a ciki ya raunana shi. Mun yi amfani da kofunan awo, muna haɗa kaɗan-kaɗan, domin da zarar an haɗa yana da iyakar lokacin da zai yi kafin ya daskare a cikin roba, zafin rana kuma na gajarta wannan lokaci. Kafin kowace shafa ta rola, ana fara bin layukan walda, kusurwoyi da gefuna da buroshi, saboda a nan ne fenti ke janyewa ya yi siriri. Shafa ta biyu mun sa mata launi dabam da ta farko don duk inda aka tsallake ya fito fili. Tsakanin shafa da shafa ana bin tazarar da takardar ta gindaya, domin idan efoksi ya wuce lokacinsa ya yi tauri, na gaba ba zai kama shi ba sai an sake gurzawa.

Foliyuritan da rola da buroshi aka shafa shi, ba da bindigar feshi ba, ko da yake mai fentin ya so ya nuna gwanintarsa. Ruwan ƙanƙamewarsa na ɗauke da sinadarin da ke jawo ciwon asma idan aka shaƙi feshinsa, takunkumin kyalle kuma ba ya tare shi. Madarar gwangwani da masu fenti ke sha bayan aiki da sunan wanke ƙirji ba ta kaiwa huhu balle ta wanke shi, na kuma faɗa musu haka ko da yake ban hana su sha ba. An sayo takunkumi mai matatar sinadari da safar hannu. Ragowar tina da fenti an tara su a gwangwani aka bar su suka daskare, ba a zuba a kwata ba, domin yawancin kwatocin birnin nan rafuka suke faɗawa, irin su Jakara da ke ƙarewa a madatsar Wasai inda wasu masuntan ke neman abinci. A daɓen cikin jirgin an barbaɗa wankakken yashi mai laushi a kan ɗanyen fenti aka sake rufewa, don kada ƙafa ta zame idan ya jiƙe.

Bayan jirgin an sake masa tsari. An cire kusoshin baƙin ƙarfe da zobban tagulla, aka sa kusoshin ƙarfen da ba ya tsatsa, tare da zobban roba da man liƙi a kowane rami domin kada su taɓa alminiyam kai tsaye, tunda su ma ƙarfe ne dabam da shi. Katakon an shafe shi da efoksi ta kowane gefe kafin a mayar. An ja wa fitila waya biyu daga batir, an raba jikin jirgin da wuta gaba ɗaya. Ɗan dunƙulen kariyar an kankare shi aka bar shi tsirara, na kuma shaida wa Alhaji cewa na tutiya ne, wanda ya fi dacewa da ruwan gishiri, a ruwan daɗi yakan yi ɓawo ya daina aiki, don haka idan an samu na maganiziyam a canza.

Daga fara kankara zuwa shafar ƙarshe kwana goma sha uku aka yi. Sai jira, wanda ya fi komai yi wa Alhaji ciwo, domin kowace rana jirgin ke tudu asara ce gare shi. Fentin ya bushe a hannu tun washegari, amma ƙanƙamewarsa ta gaskiya na ɗaukar kimanin mako guda, a sanyin hunturu ma fiye. Ya kira ni sau uku a cikin kwanakin. Ranar ta takwas na danna farce bai shiga ba, na goga tsumma mai tina launi bai biyo ba, na yi gwajin reza da salatif a wurare huɗu babu abin da ya ɗago, sannan na ba da izinin ɗauka.

Bayan wata tara

Na je Tiga a watan Nuwamba, bayan jirgin ya ratsa zafin bazara da ruwan damina. Masuntan suka jawo shi tudu muka kifa shi. Gindin na nan lafiya a ƙarƙashin gansakuka, layukan walda babu ƙurji ko ɗaya, kewayen kusoshin baya kuma babu farin gari. A ƙirjin jirgin ta gaba, inda ake jan sa a kan tsakuwa safe da yamma, fentin ya goge har ƙarfe na tsawon kamu biyu, amma gefen gogewar a manne yake bai ɗago ba, wanda ya bambanta da abin da muka gani a Janairu. Na ba su shawarar shimfiɗa tsofaffin tayoyi ko gungumen itace a mashigar.

Wuri ɗaya ne ya ba da kunya. A gefen hagu kusa da baya akwai tabo mai faɗin tafin hannu da ya saluɓe sumul, irin saluɓewar farko. Da na auna wurin na duba littafin aikina, sai na gane nan ne inda jirgin ya zauna a kan katakon tallafi, wanda aka gurza aka shafa shi daga baya, ranar da na tafi ɗaurin aure na bar yara su ƙarasa. Da na tambaye su, ɗayansu ya amsa cewa sun gurza da yamma, magariba ta yi, suka shafa washegari. Mun goge tabon mun bar shi tsirara don kada ya riƙe danshi, kuma an shirya za a cike shi a gaɓar ruwan idan hunturu ya shigo, tare da ƙirjin da tsakuwa ta cinye.